Turken Alhamis a Jitar Agya Oduro

Shekara talatin da ɗaya ina ba Agya Oduro ƙashin ƙwaurin shanu, bai taɓa tambayata naman da ke jiki ba. Ni mahauci ne ɗan mahauci, a nan Kumasi aka yanke mini cibiya, teburina kuma yana bakin hanyar Asawase tun zamanin mahaifina. Duk wanda ya tsaya gabana nama ne ya kawo shi, ban da wannan tsoho. Kowace Litinin da safe zai iso da mayafinsa a kafaɗa, hannunsa na dama a ɓoye ciki, ya ɗauki ƙashi da hagu, ya ƙwanƙwasa a gefen tebur, ya kai kunne.

"Yaw, wannan san bai taɓa tafiya ba," in ji shi. "Ji ƙashinsa, sai ka ce dafaffen rogo."

"Agya, to in koma in tambayi san inda ya yi yawo?"

"Ka ba ni na arewa, wanda ya sha ƙasa da ƙafarsa. Ba wannan ɗan gatan ba."

Sunana Ɗanlami, amma shi Yaw yake kirana, sunan da Asante ke ba wanda aka haifa ran Alhamis. Na daina gyara masa tun ina da baƙin gemu.

Aikinsa gyaran jita. A wani ƙauye kusa da Mampong aka haife shi, kawunsa ya kawo shi birni ya koya masa kafinta, suna yin bencin coci da akwatin gawa. Wata rana wani direban babbar mota ya kawo jitar da buhun koko ya faɗa wa, ya ce ko za a iya yi mata wani abu. Kawun ya ce a hura wuta da ita. Oduro ya ɓoye ta, ya buɗe cikinta, ya yi wata guda yana kallon yadda aka haɗa ta. Bai iya ceto ta ba, amma da guntayen katakon da suka rage daga benci ya ƙera tasa. Da ita ya je ya zauna gaban rumfar wata mai dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, yana kaɗa wa 'yarta Pomaa waƙa ɗaya tak, kullum ita, har uwar ta gaji ta ce ya zo da manyansa ya ɗauke ta, ko ta samu ta riƙa jin abin da masu saye ke cewa.

A lokacin babu rumfar bammin da ba ta san hannunsa ba. Da yatsa biyu yake kaɗawa, babba da manuni, yadda tsofaffin nan suke yi. Sai wata Talata injin yankan katako ya ɗauke masa yatsan tsakiya da mai bi masa na hannun dama. Da ciwon ya warke ya rataye jitar a ƙusa, ya cusa hannun cikin mayafi, shi ke nan. Ko gaisawa ya daina yi da shi, sai dai ya miƙa maka wuyan hannu ta cikin zane. Matarsa Maame Pomaa ta yi magana har bakinta ya bushe. Ta ce, "Biyun da kake kaɗawa da su ai suna nan, me aka ɗauke maka?" Ya ci gaba da gyara jitar mutane, in ya gama ya miƙa wa mai ita ya ce ya gwada da kansa.

Ƙashin da yake karɓa a wurina kuwa na turaku ne. A cikin jita, can ƙasa da ramin nan na tsakiya, akwai ɗan katako a manne, irin wanda muke kira jaki a jikin garaya. Huda shida ne a jikinsa, kowace tsirkiya da tata, kuma a bakin kowace huda akwai ɗan turke da bai kai tsawon ƙaramin yatsa ba. Na kanti roba ne, Agya Oduro ya ce ko akuya ba zai ɗaure da su ba. Nasa da ƙashi yake yi. Zai dafa shi ya cire maiƙo, ya shanya a kan kwanon ɗaki wata uku, sannan ya goge da magagari har ya yi santsi, ya yi masa ɗan kwari a gefe inda tsirkiya za ta kwanta. Saboda ƙasusuwan nan babu ungulun Kumasi da ba ta san gidansu ba, babu kuma safiyar da Maame Pomaa ba ta zage su duka ba, da ungulun da mai ƙashin.

Kowane turke kuma da sunansa. Na tsirkiya mai kauri Kwadwo, wato Litinin, na biye Kwabena, sai Kwaku, sai Yaw, sai Kofi, sai Kwame na Asabar. Lahadi ba ta samu ba, ya ce ranar hutu ce. Kowanne yana ɗiga masa alama a kai don kada ya shiga hudar wani, wai huda ma tana tsufa, kuma kowacce da irin tsufanta.

Abin da ke tayar masa da hankali shi ne guduma. Na sha zama a rumfarsa ina jin yana wanke makaɗan coci da na gidan rawa.

"Wa ya ce maka turke ne ke riƙe da tsirkiya?" zai ce da mutum. "Dubi gindinta, ka ga ɗan ƙarfen nan mai kamar dutsen wuya? Shi ne zai shiga ya maƙale a ƙarƙashin katako. Katako ke ɗaukar nauyi. Turke tare masa hanya kawai yake yi don kada ya fito. In ka ga turke yana tasowa, ƙarfen ne ya zauna masa a tsini. Ka ɗan ja tsirkiyar sama, ka danna da babban yatsa, magana ta ƙare. Amma ku sai duka, kamar kuna kafa shinge."

Na ji wannan karatu ya fi sau ɗari. Ku riƙe wannan, don ku san irin mutumin da ke ba ku labari.

To, bara 'yarsu Konadu, wadda ke aikin jinya, ta taso su gaba. Auren gargajiya suka yi shekara arba'in da uku da suka wuce, ita kuma tana so ta ga an sa musu albarka a coci, da zobe da farin leshi da komai. Agya Oduro ya ce shi ba ya ƙi. Maame Pomaa ce ta kafa sharaɗi, a gabana ta faɗa, tana ƙulla dokunu ko kallonsa ba ta yi.

"Da jita ka ɗauko ni daga gidan uwata, da jita za ka kai ni coci. Waccan ta jikin ƙusa, da waƙar nan, da hannun nan. In ban ji ba, ba zan fito daga ɗaki ba."

Duk wanda ya san ta ya san ba wasa take ba. Matar da ta taɓa shekara biyu ba ta yi wa mai kifi magana ba saboda ya ce yajinta ya yi sanyi.

Ranar Litinin ta gaba bai zo neman ƙashi ba. Ya zo da jitar a naɗe cikin buhun fulawa, ya ce in ajiye masa a gidana, zai riƙa zuwa tsakanin azahar da la'asar. Ba ya so Maame Pomaa ta ji shi yana tuntuɓe. Na ba shi ɗakin da ke bakin ƙofa, mai taga ta wajen lungu.

Makon farko, gaskiya, kajin gidana ma sun koma maƙwabta. Yatsun sun manta hanya. Yakan fara, ya tsaya, ya zagi hannun, ya sake farawa. Wata rana na leƙa na tarar ya kifa goshi a kan jitar, kafaɗunsa suna rawa. Na ja ƙofar a hankali na koma, raina a jagule, don ban taɓa ganin tsohon nan haka ba. Amma a wata na biyu abin ya fara kama jiki. A wata na uku matata tana tankaɗe tana bin waƙar ba ta sani ba.

Asabar za a yi bikin. Ran Juma'a da na sauko daga masallaci sai zuciyata ta ce, Ɗanlami, wane irin aboki ne kai da za ka bar mutum ya fita gaban jama'a da tsofaffin tsirkiyoyi duk sun yi baƙi? Na hau mota na je Adum na sayo sababbi masu walƙiya. Na ce kafin ya iso zan sa masa, ya zo ya ga abin mamaki. Ai na ga yana yi, mene ne a ciki.

Na zare turakun shida na zuba a hulata. Alamar da ke kansu ko ta kaina ban bi ba. Na cusa tsirkiyoyi, na mayar da turaku yadda hannuna ya kai, na fara murɗawa. Biyar suka zauna, wasu a karkace, amma sun zauna. Na huɗu ne, ina cikin murɗawa, ya yi tsalle ya same ni a goshi. Na tsince shi ƙarƙashin gado, na mayar, na danna. Ya sake tasowa a hankali kamar mai yi mini gwalo. Na sake dannawa. Ya sake fitowa.

Ni mutum ne mai saurin hawa, ban ɓoye ba. A sana'armu abin da ya ƙi shiga ƙarfi ake ƙara masa. Na zaro wuƙata, wadda mahaifina ya bar mini, na juya ta, na ɗora wa turken gindin ƙota. Ɗaya. Biyu. A na uku na ji ƙas. Turken ya rabe biyu, bakin hudar kuma ya ɓantare ya yi faɗi. Sai a lokacin karatun nan na sau ɗari ya dawo mini kalma kalma.

Da ya shigo bai yi faɗa ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Ya zauna ya ɗora jitar a cinya, ya zare turakun ɗaya bayan ɗaya yana duba kawunansu.

"Kofi a gidan Kwadwo," in ji shi. "Kwame a gidan Kwaku." Ya tsinci gutsuren biyu ya haɗa su a tafin hannu. "Wannan kuma Yaw ne, takwaranka. Shi kaɗai ka mayar gidansa, shi kuma ka kashe."

"Agya, ka zage ni mana. Ka ce mini wani abu."

"Me zan ce? Wataƙila haka Allah ya so. Dama hannun bai gama nuna ba."

Da na dubi fuskarsa sai na ga abin da ya ba ni tsoro. Sauƙi na gani. Tsohon ya samu ƙofar gudu, kuma ni na buɗe masa ita. Na san in jitar nan ta koma jikin ƙusa yau, sai dai a sauke ta ranar da za a raba kayansa.

"Ka fere wani," na ce.

"Da me? Pomaa ta share kwanon ɗaki tun Laraba, ta ce baƙi ba za su zo su tarar da maƙabartar shanu ba. Ko ɗaya ba ta bari ba."

"Ƙashi ne matsala? Agya, ni ne fa. Yanzu in cika maka ɗakin nan."

"Ɗanye? Maiƙo zai sa ya sulɓe, in ya bushe kuma ya tsage. Na roba ya yi wa hudar nan siriri, ka riga ka buɗe mata baki."

"To na itace."

"Biyar na ƙashi, ɗaya na itace? Kunnen Pomaa zai ji tun daga ɗaki."

Duk inda na ɓullo sai ya toshe. Ga ni mahauci, ƙashi jibge a bayan teburina har karnuka sun raina shi, amma babu guda mai amfani. Ina tsaye ina huci sai idona ya faɗa kan wuƙar, tana nan a ƙasa inda na yar da ita. Ƙotarta ƙashin raƙumi ce. Mahaifina ya zo da ita daga arewa tun kafin a haife ni, hannunsa da nawa sun goge ta har ta yi ruwan zuma. Na ɗauka na ajiye masa a gwiwa.

"Wannan ya bushe ko bai bushe ba?"

Ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya kai kunne. Na ga idonsa ya canja kafin ya tuna ya ɓata fuska.

"Wuƙar ubanka ce, Yaw. Ba zan taɓa ta ba."

"Ita ta yi ɓarnar, ita za ta gyara."

Ban jira amsarsa ba. Na ɗauko zarton da nake yanka ƙashi, na yanke gindin ƙotar misalin tsawon yatsa. Na ji abin har cikin haƙorina, ba zan yi ƙarya ba. Na miƙa masa, na ce ya zauna nan kada ya motsa, zan je in ɗauko jakar kayan aikinsa.

Gidansu cike yake da mata, ana daka, ana gyaran kifi. Na raɓa ta gefe zan shiga rumfa sai na ji muryar Maame Pomaa a bayana.

"Yaw, ɓarawo ka zama?"

"Maame, ƙofar gidana ce ta lalace, Agya zai duba mini."

"Ƙofa. Da magagarin turke." Ta goge hannu a zane, ta matso kusa, ta rage murya. "Kai da shi duk ba ku da wayo. Kana tsammani ban san inda yake zuwa kullum da rana ba? Wata uku ke nan in na taso daga kasuwar kifi sai na bi ta lungunku. Akwai wani dutse ƙarƙashin tagar nan, har ya saba da ni."

Ta shiga da kanta ta ɗauko jakar, ta ɗora mini dokunu biyu masu zafi a kai.

"Jiya ya kai ƙarshen waƙar bai tsaya ba," in ji ta, idonta ya kawo ruwa. "Kada ka gaya masa na ji. Kuma duk abin da ka ɓata, don na san kai ne, ka tabbata ya gyaru."

Kafin magariba ya gama. Ina zaune ina kallon hannun nan mai yatsa uku yana juya ƙashin mahaifina a kan magagari, yana gwadawa a huda, yana sake gogewa. Ya cire sababbin tsirkiyoyina duka ya mayar da tsofaffin, ya ce sabuwa sai ta kwana uku tana miƙa kafin ta san muryarta, wannan ma wani jahilcin nawa ne. Ya mayar da kowane turke gidansa. Da ya zo kan na huɗu ya cusa gindin tsirkiyar, ya sa sabon turken, ya danna da babban yatsa kawai, ya ɗan ja ta sama. Muka ji ɗan ƙaramin tik daga ciki.

"Ka ji?" in ji shi. "Iyakar ƙarfin da ake bukata ke nan, sarkin fawa."

Asabar da hantsi tsakar gidansu ba masaka tsinke. Motar amarya tana waje an ɗaura mata ƙyalle, fasto ya aiko sau biyu, Konadu tana kai da kawowa da agogo a hannu. Ƙofar Maame Pomaa a rufe. Aka ajiye wa Agya Oduro kujera a gabanta. Ya zauna cikin zanen kente, ya ɗora jitar a cinya. Sannan ya zaro hannun daga mayafi. Akwai jikokinsa a wurin da ba su taɓa ganinsa ba.

Ya fara, ya yi tuntuɓe a layin farko, ya tsaya. Wata tsohuwa ta ce, "Sannu, Agya, ba kora ake ba." Ya sake farawa. Wannan karon babban yatsa ya kama tafiyarsa, manuni ya bi baya, muryar tsohon ta fito a dishe:

"Mai dokunu, ƙara mini yaji,
kifinki ƙarami ne, amma gobe ma zan dawo."

Mutane sun ce wurin ya yi kyau. Ni ban gani ba. Idona yana kan turke na huɗu, ina karanto duk addu'ar da na sani. Bai motsa ba. Guɗar mata ce ta sa na ɗaga kai, sai ga ƙofa a buɗe, ga Maame Pomaa cikin farin leshi da farin hankici a hannu, tana takowa da rawa a hankali, hawaye na bin hodar da aka shafa mata. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta tsaya a gabansa har ya kai ƙarshe.

"Ka yi jinkiri, Oduro," in ji ta.

"Turke nake gyarawa."

"Shekara talatin da uku?"

"Ƙashin ne bai bushe ba."

Gidan ya kwashe da dariya, har da ni da nake share ido da hular da ta jawo duk wannan. Konadu tana cewa a shiga mota, a shiga mota, amma tsohon ya miƙa mata jitar ya ce ta dakata. Ya faro daga dama, yadda ake yi, ya bi mutanen da ke zaune ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu. Hannun dama, a buɗe, babu mayafi. Fasto ya aiko na uku, bai fasa ba sai da ya gaisa da kowa.

Ni ne na ƙarshe, ina tsaye bakin ƙofa. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ranar na fara jin tafin hannunsa a cikin nawa. Yatsu uku ne, amma sai da na ji riƙon.

"Yaw," in ji shi, "takwaranka ya zauna."

Har yau da wuƙar nake aiki. Ƙotar ta gajarta, ƙaramin yatsana ba ya samun wurin zama, in na yi yanka da yawa har hannun ya yi kanta. Wani maƙeri ya ce in kawo ya sa mata sabuwa. Na ce ya bar ta haka.